Yadda ake shirya daren kallon tsofaffin finafinan dodanni a tsakar gida

Mai gidan kallo a Garwa ko Marwa da ya saka Frankenstein na 1931 da rana tsaka, ƙofa a buɗe, ba abin da zai ji sai dariyar yara. An yi irin waɗannan finafinai ne domin wuri mai duhu, kuma rabin tsoronsu cikin inuwa yake. In aka gyara wuri da na'ura, har yau suna sa tsigar jiki ta tashi.

A fara bayan sallar isha'i, a kashe duk ƙwan da ke haska tsakar gida. Farin bango ya fi ƙyalle, don iska na kaɗa ƙyalle hoto ya riƙa rawa. In sai da ƙyallen, a ɗaure kusurwoyinsa huɗu ya miƙe. Yawancin ƙananan majigi in an ajiye su mita 3 daga bango suna ba da hoto mai faɗin kusan mita 2. A lokacin hunturu a goge ƙura daga ƙofar iskar majigin kafin a kunna. A zafin Maris da Afrilu kada a ɗora shi kan katifa ko darduma, don in ya ɗau zafi kashe kansa yake yi ana tsakiyar kallo. Janareta kuwa ƙararsa tana cinye shirun fim. Batirin sola mai volt 12 da 100Ah, in an ja rabinsa kawai don kada ya lalace, zai riƙe majigi da lasifika masu jan wat 100 kimanin awa 5.

Babban kuskure a girman hoto yake. Waɗannan finafinai kusan murabba'i ne, talabijin ɗin yanzu kuwa mai faɗi ne, sai ya ja hoton ya cika allo, fuskoki su baje. A shiga saiti a zaɓi 4:3, a bar baƙin gefe biyu yadda yake. A kashe abin da ke sa motsi ya yi santsi (TruMotion a LG, Motionflow a Sony), domin yana tona asirin kwalliya da bangon katako. Sannan a tsayar da fim a wuri mai duhu, a rage haske har baƙi ya zama baƙi sosai amma ana iya ganin ninkin rigar ɗan wasa. A guji kwafin da aka shafa wa launi daga baya. Mai kwalliya Jack Pierce ya tsara fuskar Boris Karloff, wanda ya fito a dodon Frankenstein, domin baƙi da fari ne.

Filashin da aka tsara da tsarin ajiya na FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, kuma kwafi mai ingancin hoto 720p ya wadatar. In hoto ya fito babu sauti, galibi nau'in sautin da ake kira DTS ne da ƙaramin talabijin bai sani ba. A kunna ta kwamfuta da manhajar kallon bidiyo ta VLC. Rubutun fassarar Faransanci dole sunansa ya zama ɗaya da na fim ɗin. In yana gaba ko baya kaɗan, maɓallan G da H a VLC suna daidaita shi. In kuwa tazarar ƙaruwa take, an haɗa kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa da fassarar mai 24, bambancin zai kai minti 3 kafin ƙarshe, sai dai a nemo wata. Mai fassara wa jama'a da Hausa ko Fulatanci ya yi bayaninsa tsakanin fage da fage. Dodo na shigowa, ya kama bakinsa.

A fara da Frankenstein na darakta James Whale, minti 70 ne kacal. Shi ne ke nuna abin da ya sa finafinan suka daɗe: dodon bai nemi a yi shi ba, wanda ya haɗa shi ya guje shi, ana tsorata shi da wuta, sai mai kallo ya rasa ko tsoronsa yake ji ko tausayinsa. A tabbata kwafin yana da fagen yarinya a bakin tafki cikakke. An yanke ƙarshensa shekaru da yawa, kuma in babu shi ba a gane cewa dodon bai yi nufin kisa ba, furannin da suke jefawa a ruwa ne suka ƙare, ya jefa ta yana zaton ita ma za ta yi iyo kamarsu. Wannan fagen bai dace da ƙananan yara ba.

Dare na biyu The Wolf Man na 1941. Wanda ya tashi da labarin mutumin da ke rikiɗa kura ba ya bukatar dogon bayani a nan. Don a nuna rikiɗar, ɗan wasan Lon Chaney Jr. yana zaune ana ƙara masa gashi kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar hoto, sannan a narkar da hotunan cikin juna. Dracula na Bela Lugosi a jinkirta shi sai jama'a sun saba, don tafiyar hawainiya yake yi kuma kusan babu kiɗa a cikinsa. A ƙara sauti, a haƙura da ƙarar tsohon faifai.

King Kong na 1933 ya fi kowanne riƙe taro. Gwaggon birin ɗan mutum-mutumi ne da bai kai rabin mita ba, Willis O'Brien da ma'aikatansa suna motsa shi da hannu, hoto ɗaya bayan ɗaya. Gashinsa da ake gani yana rawa sawun yatsunsu ne. Godzilla kuwa a nemi na Japan na 1954, na Ishiro Honda, wanda ke maganar bam ɗin nukiliya kai tsaye. Wanda aka sake yankawa a Amurka a 1956 ya zubar da yawancin wannan. In ka ga Bature ɗan jarida, Raymond Burr, yana ba da labari tun daga farko, to na Amurka ne a hannunka.