Darasi na Tara: Idan Fitilar Erbag Ta Ƙi Mutuwa

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai allon fitilu wanda ƴan garaji a Yamai ke kira tablo. Cikin fitilun akwai wata, ja ko ruwan goro, mai hoton mutum zaune da wani kewayayyen abu a gabansa. A wasu motocin babu hoto, sai haruffa uku: S, R, S. Ita ce fitilar erbag, jakar nan da ke ɓoye cikin sitiyari da gaban fasinja, wadda ke cika da iska idan an yi karo, ta tare kai da ƙirji. Cikarta ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Mota mai lafiya ga yadda take yi. Ka murɗa makulli, ba ka tada inji ba tukuna. Fitilar ta kama. Ka ƙirga a hankali: ɗaya, biyu, uku, har shida ko bakwai. Sai ta mutu. A cikin wannan ɗan lokaci kwamfutar erbag ta bi wayoyinta duka, ta ga babu matsala. Idan kuwa fitilar ta tsaya a kunne, ko ta riƙa ƙyaftawa, to kwamfutar ta ga wani abu, kuma mai yiwuwa ne ranar haɗari jakar ba za ta buɗe ba. Mota za ta tashi, za ta kai ka Doso ta dawo da kai lafiya lau, shi ya sa mutane ke raina abin.

Fitilar ƴar aike ce, ɗan aike kuwa ba a dukansa don saƙon da ya kawo. Sai an gyara abin da ya tada ta kafin a yi maganar kashe ta.

Fara da batir, don shi ne mafi sauƙi. Zafin Afrilu da Mayu yana cinye batir, kuma idan wuta ta yi ƙasa lokacin tada inji, kwamfutar na iya rubuta laifi. Je wurin mai gyaran batir ya auna maka. Batir mai kyau, inji a kashe, yana nuna wajen volt 12.6. Inji na aiki, adadin ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Ka duba kan batir ɗin ma: idan ya yi farin gari ko ya yi sako-sako, a goge, a ɗaure.

Daga nan sai ƙarƙashin kujera, inda matsalar ta fi yawa a motocinmu. Leƙa ka gani. Akwai wayoyi da fulogi ruwan ɗorawa, kuma kusan duk masu ƙera motoci da wannan launi suke bambanta kayan erbag da sauran wayoyi. Mu kuwa ƙarƙashin kujera ne ma'ajiyarmu: buta, takalmi, darduma, gorar ruwa, ledar gyaɗa. Ana ja da kujera gaba, ana tura ta baya, musamman motar gida da mutum uku ke tuƙawa, kowa da tsayin ƙafarsa. Wata rana fulogin ya ɗan sassauta, ƙurar hunturu ta shiga tsakani, fitila ta kama.

Kafin hannunka ya taɓa wannan fulogi, kashe mota, zare makulli, ka sa shi a aljihu. Buɗe wajen batir, nemi kan da ke da alamar ragi (−), yawanci baƙar waya ce a kansa. Sifana lamba 10 ce ke kwance shi a yawancin motoci. Cire shi, ka kawar gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Yanzu ka jira. Kwamfutar erbag tana riƙe ƴar wuta a cikinta ko bayan an cire batir, an yi ta haka ne don jakar ta buɗe ko da karo ya tsinke waya. Littattafan gyaran Toyota sun ce a jira aƙalla daƙiƙa 90. Ni nakan ce wa ɗalibai su ba ta minti goma, su sha shayi, babu abin da za su rasa.

Sannan ka kwashe tarkacen, ka hure ƙurar, ka danna fulogin da kyau har ka ji ya shige. Kada ka yanke waya, kada ka ɗaure ta da leda, kada ka zura abin gwajin wuta a cikin fulogi ruwan ɗorawa, domin ƴar wutar gwajin nan na iya tada jakar a fuskarka. Mayar da kan batir, babu kowa zaune a gaba. Agogo da rediyo za su manta saitinsu, wasu rediyoyin ma sai an sa musu lambar sirri. Murɗa makulli, ka ƙirga.

Wasu motocin da zarar an gyara, fitilar na mutuwa da kanta. Da yawa ba haka suke ba: suna ajiye laifin a ƙwaƙwalwarsu, cire batir kuma ba ya goge shi ko za a kwana a cire. Nan ne ake buƙatar na'urar bincike, wadda masu gyaran wutar mota ke kira balis. Ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ramuka 16, sunansa OBD. An wajabta shi a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu shan fetur, 2004 ga masu gazuwal, don haka yawancin motocin da ke shigo mana ta Lome da Kwatano suna da shi. Ba sai ka je kamfanin da ke sayar da motar ba, mai gyaran wuta na unguwa da ke da na'urar zai iya. Sai dai ka lura, ƙananan na'urori masu arha na inji kawai suke karantawa. Kowane laifi da lambarsa na'urar ke nuna shi: lambobin inji da harafin P suke farawa, na erbag yawanci da B.

Ga yadda maganar ya kamata ta kasance a garaji.

"Maigida, sannu da aiki. Balis ɗinka na karanta erbag?"

"Tana karantawa, Alhaji. In goge maka?"

"A'a, karanta mini lambar tukuna in rubuta. Me ta ce ya lalace?"

Rubuta lambar a littafinka, harafi da adadi. Idan aka goge ba a gyara ba, kafin ka kai gida fitilar ta dawo, kuɗinka kuma sun tafi.

Akwai inda hannunka zai tsaya. Idan fitilar ta kama, oda kuma ta daina ƙara, mai yiwuwa wata naɗaɗɗiyar waya ce cikin sitiyari ta tsinke, canza ta kuwa sai an ciro jakar kanta. Aikin gwani ne. Haka motar da ta shiga ruwan damina har ya hau kafet, kamar yadda muka gani a unguwannin bakin kogi a 2020, domin kwamfutar erbag a ƙasa take, kusa da giya. Haka motar da ta taɓa yin haɗari.

Mai sayen mota ta hannu, wannan naka ne. Wasu dillalan na cire ƙwan fitilar ko su manna mata baƙar leda ta ciki, tablo ya yi tsaf. Fitilar da ba ta kamawa sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa haɗari. Murɗa makulli da hannunka kafin a fara ciniki.

Aikin wannan mako: kowa ya sami mota, tasa ko ta maƙwabci ko ta ɗan taksi da ya sani. Ya murɗa makulli, ya ƙirga daƙiƙoƙin da fitilar ta yi a kunne, ya rubuta adadin. Ya zana hoton fitilar a littafinsa, ya nemo soket mai ramuka 16, ya zo ya faɗa wa aji a wane gefen sitiyari ya same shi.