Neman Tallafin Bincike Kan Labaran Ƙarya a Zamfara

Ga malamin jami'a ko kwaleji a Gusau da Kaura Namoda, ƙofa mafi kusa ita ce TETFund, asusun gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu. Tallafinsa na IBR, wato na bincike a matakin makaranta, ta hannun kwamitin bincike na makarantarku ake nemansa. Na ƙasa kuwa, wato NRF, sai ka fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a nemi cikakken tsari. Kamfanoni ma kan buɗe tasu ƙofar jefi-jefi: a 2018 WhatsApp ya ware har dala 50,000 ga kowane binciken da ya zaɓa.

Fara da matse tambayarka. "Tasirin Facebook ga al'umma" ya yi faɗi, masu tantancewa ba su daɗewa a kansa. Ka ce za ka bi sawun saƙon murya mai cewa 'yan bindiga sun shigo gari: wa ya fara tura shi, zauren WhatsApp nawa ya ratsa, me ya jawo tsakanin manoma da makiyaya a ƙaramar hukuma ɗaya cikin wata shida.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayanin yadda za a samo saƙonnin. Meta, mai Facebook da WhatsApp, ta rufe CrowdTangle, manhajar bin sawun abin da ake yaɗawa a Facebook, a Agustan 2024, kada ka sa shi a tsarinka. Meta Content Library da ya maye gurbinsa sai an nemi izini, kuma ba ya leƙa zaurukan WhatsApp, alhali a nan jita-jitarmu ta fi yawo, da baki ba da rubutu ba. Saboda haka nemi mutanen da za su riƙa turo maka abin da ya shigo zaurukansu, da yardarsu a rubuce. Goge sunaye da lambobin waya tun ranar farko. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka, kuma a yankin da zargin infoma ke cin rai, sakaci ɗaya ya isa.

A kasafi, sa ladan masu rubuta sauti: awa ɗaya ta magana kan ci awa huɗu zuwa shida. Sa mutum biyu su tantance kowane saƙo, kowa daban, sannan a gwada inda suka saɓa. Ƙara kuɗin data, caji da mota. Faɗi abin da za ka yi in sabis ya ɗauke, kamar yadda aka rufe layukan waya a jihar a Satumban 2021.

Yawanci kashi-kashi ake sakin kuɗin, don haka adana kowane rasit. Na gaba ba ya fitowa sai rahoton na baya ya shiga.