Yadda za ka koyi fiyano har ka iya raka mawaƙi

Ɗan'uwa in dai kana son kiɗan fiyano ya zama sana'arka, fara da ƙaramin kibod mai maɓalli 61, Yamaha ko Casio, ko na hannu ne ba komai. Babban fiyano 88 gare shi, farare 52 baƙaƙe 36, wannan sai gaba. Ka nemi mai cin batir saboda wutar NEPA, kuma ka riƙa lulluɓe shi da zane, ƙurar hunturu ta Gusau in ta shige ƙarƙashin maɓallan wasu sai su daina amsawa.

Duba baƙaƙen, a jere suke biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun biyun shi ne C, nan za ka fara do re mi da hannun dama: babban yatsa, manuni, na tsakiya, sai babban ya zurma ta ƙasa ya hau F, wato farin maɓalli na huɗu daga C, ka ƙarasa da biyar ɗin. Kowane hannu shi kaɗai tukuna, sannu sannu. Minti 30 kullum ya fi ka kwana kai ranar Asabar.

To inda aikin yake shi ne raka mawaƙi, ko a sitidiyo a Birnin Kebbi ko kwaya a cocin Zuru. Bari ya fara rerawa kai kana lalubo kii ɗin, wato matakin sautin da muryarshi ta zauna, kada ka ja shi naka, in ya kai sama ka ga jijiyar wuya ta tashi to ka sauko mishi. Kalli kafaɗarshi, inda ya ja numfashi nan ne gurbinka na ado, yana buɗe baki ka rage hannu, don mutane baiti suka zo ji. Kuma don Allah kada ka saba da maɓallin transpose, wanda ke ɗaga ko sauke sautin kibod ba tare da ka canza inda yatsunka suke ba, wallahi yana kashe hannu, ranar da aka zaunar da kai gaban fiyanon katako babu shi. Kii 12 ne, ka bi su ɗaya ɗaya.

In koyarwa kake hari ka koyi karanta nota, wato rubutaccen kiɗa. Akwai jarabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila, mataki 1 zuwa 8, akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Legas. Yaron da ka ɗauka kuma ka fara mishi da waƙar da ya riga ya haddace, da yawan waƙoƙinmu sauti biyar ne, baƙaƙen kaɗai sun isa ya fitar da amshin tun zaman farko.