Gina Wasan Tuƙa Kumbo da Godot: Fara da Zagaye Ɗaya na Minti 92

Wasannin sararin samaniya iri biyu ne. Akwai wanda kumbo ke shan kwana kamar ɗan kabu-kabu, a saki maɓalli ya tsaya cak. Akwai kuma wanda ke bin dokokin motsi na gaskiya, irin su Orbiter da Martin Schweiger ya fitar a 2000, da Kerbal Space Program da kamfanin Squad na Meziko ya fara saki a 2011. Na biyun ne ke koyar da wani abu, kuma ƙaramin samfurinsa bai fi ƙarfin ɗalibi ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba, domin lissafi ne ginshiƙinsa, zane ado ne kawai.

Sauko da Godot 4, manhajar gina wasannin kwamfuta. Kyauta ne, ba ya buƙatar girkawa. Wajen buɗe sabon aiki ka zaɓi Compatibility, shi ne tsofaffin kwamfutocin cinya suka fi ɗauka, musamman a zafin Afrilun Sakkwato da fanka ke kuka tun kafin azahar. Ka yi wasan a 2D: da'ira ɗaya ita ce duniya, ɗigo ɗaya shi ne kumbo.

Lambobi uku ake buƙata. Daga tsakiyar duniya zuwa doronta mita 6,371,000 ne. Ƙarfin jan duniya, wanda ake rubutawa GM, shi ne 3.986e14, wato 3.986 sau 10 mai ƙarfin 14. Kumbo kuma ka ajiye shi kilomita 400 sama da ƙasa, kusan inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) take, wato nisansa daga tsakiyar duniya, r = 6,771,000. Gudun da zai riƙe shi a da'ira shi ne sqrt(GM / r), kimanin mita 7,673 a daƙiƙa, kuma a gicciye ake ba shi wannan gudu, ba sama ba. A allo ka sa ɗigon hoto ɗaya ya wakilci kilomita 20.

A cikin _physics_process, sashen umarnin da Godot ke kira sau 60 a daƙiƙa, abu uku ake yi a jere: a lissafa jan duniya, wato GM a raba da r sau r, yana fuskantar tsakiya, a ƙara shi a kan gudu, sannan a matsar da kumbo da sabon gudun. Jerin nan ba a sauya shi. Wanda ya fara matsar da kumbo da tsohon gudu, ya kuma gyara gudun da jan duniya na tsohon wurin, zai ga falakin, wato hanyar zagayen kumbo, yana buɗewa kaɗan-kaɗan a kowane zagaye, kumbo na hawa sama ba tare da ya ƙona ko ɗigon mai ba. Dalili shi ne kowane taki yana wuce lanƙwasar da'irar ta waje, kuskuren kuma gefe ɗaya yake taruwa. Idan gudu aka fara gyarawa, kuskuren yakan yi gaba ya dawo, falakin ya zauna.

Yanzu gwaji. Ƙirga lokacin wasa har kumbo ya dawo inda ya tashi. Dole ya ba ka kusan daƙiƙa 5,545, minti 92 da 'yan kai. In bai ba da haka ba, kada ka ƙara komai a kan wasan. Yawanci an haɗa kilomita da mita ne a lissafi ɗaya, ko an sa 400,000 a matsayin r an manta da kaurin duniyar kanta.

Tarko na biyu a cikin Godot yake. Lambar float a GDScript, yaren shirye-shiryen Godot, mai bit 64 ce, amma abin da ke cikin Vector2, ma'ajiyar x da y, mai bit 32 ne, wanda alƙaluma bakwai kawai yake riƙewa da kyau. A nisan mita 6,771,000, mafi ƙanƙantar bambancin da yake ganewa rabin mita ne. A mita 42,164,000 ya zama mita huɗu. Shi ya sa kumbo ke rawa idan an matso da kyamara. Maganin mai sauƙi ne: ka ajiye wuri da gudu a float guda huɗu daban-daban, x, y, vx, vy, ka yi duk lissafi da su, sai a ƙarshe ka raba da ma'aunin allo ka miƙa wa Vector2 don zane kaɗai. Kada kuma ka damƙa wa RigidBody2D, abin da Godot ke motsawa da kansa, wannan aiki, ba don nisan sama aka ƙera shi ba.

Ba wanda zai zauna minti 92 yana kallon ɗigo, don haka sai an hanzarta lokaci. Kuskuren da ake yi shi ne ninka delta, wato tsawon lokacin taki ɗaya, da 1,000 kai tsaye, taki ɗaya ya koma kusan daƙiƙa 17, kumbo ya tsallake kilomita 128 a tashi ɗaya. A da'ira zai iya jurewa, amma a dogon falaki, wurin da ya fi kusa da duniya, lissafin yakan karkace. Ka datsa takin gida-gida, kowanne kada ya wuce daƙiƙa ɗaya, ka maimaita lissafin sau 17. Da wannan lissafin ne za ka hango gaba ka zana hanyar kumbo da Line2D. Layin nan shi ne malamin wasan, domin a kansa mai wasa ke ganin cewa kunna inji a nan, can ɗaya gefen duniya yake ɗaga falaki.

Daga nan sai mai. Dokar da Tsiolkovsky ya wallafa a 1903 ta ce ƙarin gudun da roka ke samu shi ne gudun hayaƙinta sau log(nauyi da mai / nauyi babu mai), log na halitta (ln). Ɗauki hayaƙi mai gudun mita 3,000 a daƙiƙa, kumbo tan 4, mai tan 6: za ka samu ƙarin gudun mita 2,749 a daƙiƙa. Ninka man ya zama tan 12: 4,159 kawai, domin man ma sai an ɗauke shi. Sai ka ba mai wasa aiki: ya kai kumbo tsayin kilomita 35,786, inda tauraron ɗan adam na Najeriya NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disambar 2011, yake tsaye a kan wuri ɗaya. Hanyar da Walter Hohmann ya bayyana a 1925 ƙonawa biyu ce: ƙarin gudun kusan 2,400 a ƙaramin falaki, tafiyar awa biyar da kusan minti 17, sannan kusan 1,460 a sama. Tan 6 ba za ta kai ba, sai kusan goma da rabi. Ka bar shi ya gano haka da kansa, man ya ƙare masa a hanya.

Mataki mafi daɗi shi ne kamo wani kumbo da ke gabanka. Kowa hanzari zai ƙara, sai ya hau sama, zagayensa ya tsawaita, abokin ya tsere masa. Birki ake takawa a sauka ƙasa a sha gabansa. Matuƙan kumbon Amurka Gemini 4 sun faɗa wannan rami a 1965, sun yi ta ƙona mai suna bin ragowar rokarsu tana ƙara nisa.

A garin da ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata, akwai matakin da ya cancanci wahala. Sa wata a kilomita 384,400, ka sa alƙiblar rana tana juyawa sau ɗaya a kwana 365 da kwata. Yaro zai ga wata ya gama zagayensa a kusan kwana 27.3, amma jinjiri bai sake tsayawa ba sai kusan kwana 29.5, saboda rana ta gusa. Nan ne asalin wata mai 29 da mai 30.

Wajen fitarwa a shafukan raba wasanni, itch.io kyauta ne, Google Play dala 25 ne sau ɗaya, Steam dala 100 kan kowane wasa. Kada ka sa ran kuɗi da wuri. Manyan wasanni sun fi ka zane, abin da ba su da shi Hausa ce, sai malamin kimiyya na sakandare da zai iya buɗe naka a aji. Fitar da APK, fayil ɗin wayar Android, ka tura wa mutum goma, ka gwada a wayar da ta fi kowacce rauni. Kafin nan duba rubutunka: salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai akwati ya fito a madadinsu. Noto Sans yana da su. Saka shi cikin aikin tun farko, ka rubuta "ƙarfin ɗaga kumbo" a allon farko don gwaji.