Yadda za ka haɗa abin tunawa da masu aikin titi da tsofaffin ƙarafan katafila

Mahaifina leburan titi ne, shekara da shekaru yana bin motar kwalta da shebur a rana, ni kuma walda na koya, shi ya sa duk sanda na hau gadar Ƙofar Nassarawa sai in tuna mutanen da suka zuba gumi a wurin kuma ba mai sanin sunansu. To ga yadda za ka yi musu abin tunawa.

Tun farko kar ka yi siffar mutum. Nan Kano ne, kana ɗora kai da hannuwa za a ce gunki ka kafa, kuma da gaskiyar mutane. Kayan aikin kansu sun isa, wuƙar gireda a tsaye, sarƙar katafila ta zagaye ta, shebur da diga a gicciye a sama, duk wanda ya taɓa aikin zai gane.

Kaya kuwa ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa wajen ƴan gwangwan, a kilo ake sayarwa. Nemi haƙoran bokitin katafila, manyan giya na inji, guntun sarƙa, tsofaffin notuna. Ka zaɓi wanda ya ci aiki, haƙorin da tsakuwa ta cinye bakinsa har ya yi sulɓi ya fi sabo kyau nesa ba kusa ba, wallahi in ka shafa shi sai ka ji kamar tafin hannun lebura. Kuma dan Allah ka karɓi rasit, ƙarfen sata yana yawo.

Ka wanke baƙin mai da giris da kananzir, ka bari ya bushe sarai kafin wuta ta zo kusa, sannan ka goge tsatsa da burushin waya. Silindar haidirolik ko tankin mai kuwa kar ka kuskura ka sa musu wuta a rufe, fashewa suke yi.

Wajen walda ne aikin yake. Wuƙar gireda da haƙoran nan ƙarfe ne mai tauri, in ka kama su da sandar walda mai lamba 6013 ɗin da muke yin ƙofa da taga zai yi kamar ya kama, daga baya ya tsage, ni ya taɓa faruwa da ni, da safe na zo na tarar haƙori ɗaya a ƙasa, Allah ya kiyaye ba yaro a wurin. Ka gasa wurin da wutar gas tukuna, ka yi amfani da sandar walda mai lamba 7018 busasshiya, in ka gama ka rufe shi da yashi ya huce a hankali, kar ka zuba ruwa. Ka fara jera komai a ƙasa ka ɗan ɗiga walda, ka ja baya ka kalla, in ya yi maka sannan ka cika.

Gindi a haƙa rami a zuba kankare da rodi, a dasa manyan kusoshi da za su riƙe shi, iskar farkon damina ba ta wasa. Bakin da ke da kaifi a gurje shi saboda yara sai sun hau. Sai jan fentin hana tsatsa, ni dai ina barin wani wurin da rawayan fentinsa na asali.

In a bakin titi ko shataletale za ka kafa, sai ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin ka ɗauko kiren. A ƙasa ka manna farantin ƙarfe, ka rubuta da walda da boko da ajami: direbobin rola, masu gireda, leburori, masu dafa kwalta.