Murhun Gashi na Infirared: Inda Ake Ƙona Nama da Yadda Ake Gyarawa

Ranar da na fara kunna nawa, washegarin Babbar Sallah ce. Na jera tsire tsinke goma sha biyu, na turbuɗe su da yaji har ba a ganin jan naman, na ɗora a kan raga, na rufe murfi, na shiga cikin gida ɗauko faranti. Ban fi minti huɗu ba. Da na dawo, gawayi na tarar, tsinken ma wuta ta cinye su daga gindi. Wani taubashina da ke zaune a kan tabarma ya miƙo wuya ya leƙa, ya ce, "Kai dai ka iya ɓarna. Tattara a kai wa almajirai su yi tawada." Har yau bai daina yi mini tsiya da wannan ba.

Laifin nawa ne, domin na ɗauke shi kamar murhun gashi na gas da aka saba gani. Shi wancan, harshen wuta ne ke ɗumama iska, iskar ta zagaye nama ta gasa shi a hankali. Na infirared kuwa, gas ɗin yana ci ne a fuskar wani faranti na tangaran mai dubban ƙananan huji, farantin ya yi jawur, hucinsa ya doki naman kai tsaye. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban garwashi da sanyin hunturu ya ji fuskarsa na zafi bayansa na sanyi, ya san irin wannan zafin. Garwashi ne da babu gawayi, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa ya tsallake rabin kurakuran da ke tafe.

Asalin abin daga Amurka ne. Wani kamfani mai suna TEC, na wani injiniya Bill Best a jihar Karolina ta Kudu, ya riƙa yin irin wannan bakin wuta domin masana'antu, irin masu busar da fenti, daga baya a shekarun 1980 ya sa shi a murhun gashi. Sai da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2000 sannan sauran kamfanoni suka shigo, farashi ya fara sauka. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne a san wa aka ƙera wa murhun: Ba'amurke mai son yankan naman sa mai kauri, mai kitse a cikin tsoka, wanda zai soye a waje ya bar ciki da ɗan ja. Namanmu da ɗanɗanonmu daban suke, don haka sai da dabara.

Tun daga wajen saye

Kuskuren farko shi ne a ga an rubuta infirared a jikin kwali a ɗauka duk ɗaya ne. Kala uku ne a kasuwa. Akwai mai tangaran, shi ne mafi zafi. Kamfanin Napoleon na Kanada yana cewa nasa na kaiwa digiri 1,800 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 980 a Salshiyas, alhali murhun gas na yau da kullum bai cika wuce 300 ba. Akwai mai farantin ƙarfe mai huji-huji da ake shimfiɗawa a kan bakin wutar gas, kamar na Char-Broil, wanda zafinsa bai kai na tangaran ba amma ya fi sauƙin sarrafawa. Sai mai gilashi, irin na TEC na baya-bayan nan, mai kyau, mai tsadar gaske.

Mutane da yawa, da ni a ciki, mafi zafin suke nema, kamar mai sayen mota yana tambayar gudu alhali cikin gari zai riƙa yawo. Murhun da duk bakunansa tangaran ne ba ya yin ƙasa-ƙasa. Ko ka mayar da shi can ƙarshe, yana da zafin da zai ƙona fatar kaza kafin cikinta ya nuna. In gidanka ana gasa kaza da kifi da masara fiye da yankan nama, nemi mai haɗi: baki ɗaya na infirared, sauran na gas na yau da kullum. A can ka dafa, a nan ka soye. In da zan sake saye, shi zan ɗauka.

Kada kuma lambar BTU da ake bugawa da manyan haruffa ta ruɗe ka. Ita dai tana faɗin yawan gas da murhu ke sha ne, ba ta faɗin yadda zafin ke isa ga nama. Na infirared mai ƙaramar lamba yakan fi na gargajiya mai babbar lamba zafi a kan raga. Gara ka ɗaga murfin ka ji nauyinsa, ka girgiza ƙafafun, ka tambayi mai shago ko ana samun farantin tangaran na canji. In ya fara kame-kame, ka san ranar da naka ya tsage, murhun ya zama teburin ajiye bokiti.

Maganar gas, wadda ba a wasa da ita

Yawancin waɗannan murahu shigo da su ake yi, wasu sababbi, wasu na hannu. Na Amurka iri biyu ne: mai aiki da gas na tukunya, da mai aiki da gas na bututu da ake ja zuwa gidaje a can. Ramin da gas ke fita ta cikinsa ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya haɗa na bututu da tukunya zai ga wuta na tashi fiye da kima, kuma haɗari ne. Duba ƙaramin allon da ke manne a jikin murhun kafin ka biya kuɗi.

Sannan kan gas da ke zuwa da shi ba ya hawa bakin tukunyarmu mai kilo 12.5. A nan ake tafka kuskure mafi muni: a je kasuwa a sayo kan gas mai ƙarfi, irin wanda masu girkin biki ke sa wa manyan murahu, a ɗaura. Murhun gashi mai ƙaramin matsi yake so, wajen miliba 28 zuwa 37 ga mafi yawansu, kuma an rubuta nasa a jikin allon nan. A samu wanda ya san aikin gas ya haɗa, da tiyo na gas, da maɗauri na ƙarfe, ban da ɗaurin roba. In an gama, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan yake yoyo.

Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Saboda haka ba a kunna murhu da murfi a rufe. In ka murɗa bai kama ba cikin daƙiƙa biyar, kashe, bar murfin a buɗe, jira minti biyar. Kuma a fili ake gashi. Ban da gareji, ban da zaure, ban da ƙarƙashin rumfar zana, ko da ruwa ake tsugawa, domin hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kisa. A matsar da shi daga bango da taga kamar mita 3.

Kan raga

Yanzu ga inda na ƙona nawa. Bayan abin da ya faru, na je wajen mai tsiren unguwarmu na zauna a benci, ina kallon abin da na shekara ashirin ina gani ban lura ba. Tsirensa ba a kan wuta yake ba. Ya kafa tsinken a kewayen tukuba, sun ɗan sunkuya wajen garwashi, kowanne da tazararsa. Wanda ya kusa nuna ya ja shi baya, ɗanye ya matso da shi gaba, yana yi yana yayyafa mai, hannunsa bai huta ba, idonsa bai bar wutar ba ko da yana ba da canji. Na ba shi labarina, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ƙuli ba ya son wuta. Kai kuma ka ba ta shi ka tafi."

Gaskiyarsa. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne da citta da barkono da sauran kayan ƙamshi, duk gari ne busasshe mai maiƙo, kuma a irin wannan zafi cikin minti ɗaya yake baƙi ya yi ɗaci. Haka duk wani haɗi mai sukari ko zuma ko tumatirin gwangwani. Gyaran shi ne a raba aikin biyu. A shafa wa nama gishiri da ɗan man gyaɗa kawai, a ɗora a wuta mai zafi minti ɗaya ko biyu kowane gefe har ya yi launi, sannan a ɗauke, a shafa mai, a barbaɗa yaji, a ƙarasa a ɓangaren da wutar ke ƙasa ko a ragar sama. In aka sauke a ƙara wani yajin. Tsinken itace a jiƙa shi a ruwa rabin awa, ko a sayi na ƙarfe a huta.

Kuskure na biyu a nan shi ne tafiya. Lissafin lokacin da ka saba da shi a gawayi ko a tsohon murhunka, raba shi biyu, sannan ka tsaya a wurin. Faranti, awartaki, yaji, mai, duk a kawo su kafin a kunna. Mai tangaran minti uku zuwa biyar ya ishe shi ya yi ja, mai farantin ƙarfe yakan so kamar goma. A kan bakin tangaran, murfi a buɗe ake gashi.

Na uku, jiƙaƙƙen nama. Mun saba a wanke nama a ɗora. Ruwan da ke jikinsa sai ya ƙafe kafin naman ya fara launi, wato kana turara shi ne, ga kuma ɗigon da ke sauka a kan tangaran mai zafi, wanda ke iya tsaga shi. A tsane nama da tsumma mai tsabta. Af, maganar da ake yi cewa zafin farko yana toshe nama ya hana romonsa fita, ba haka ba ne. Ɗanɗano da launi yake bayarwa. Abin da ke busar da nama shi ne daɗewa a wuta.

Na huɗu shi ne zaɓen naman kansa, kuma nan ne muka fi shan wahala. Sanmu ya yi tafiya, tsokarsa ta yi aiki, kitsensa a tozo da ciki yake, ba a cikin tsoka ba. Ƙirji da ƙauri da wuya, wuta mai sauri ba abin da za ta yi musu sai ƙara tauri. Waɗannan na farfesu ne ko na gashi mai tsawo a nannaɗe. Ka ce wa mahauci ya ba ka tantaƙwashi ko naman gadon baya. In tsokar cinya ce, a fere ta siriri kamar ta tsire, a yanka a gicciye, kada a bi tsawon zaren naman. Naman layya kuma da aka yanka da safe, da yamma yana cikin sanƙarewa. A bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a firji, za a ji bambanci. Haƙarƙarin rago mai kitse a rage masa kitsen, domin ko da ana cewa infirared ba ya tashin harshen wuta, in maiƙo ya yi yawa yana tashi.

Kaza mai ƙashi ita ce ke kunyata mai gida a gaban baƙi: waje ya yi kyau, a yanka a ga jini a gaɓa. Juya tsarin za a yi. A fara ta a wuta ƙasa-ƙasa da murfi a rufe har ta kusa nuna, sannan a kai ta bakin infirared minti ɗaya ko biyu fata ta soyu. Kazar Hausa a ɗan tafasa ta tukuna. Kuma a sayi ma'aunin zafi mai tsinke, kuɗinsa bai kai na kaza biyu ba. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74 a Salshiyas, niƙaƙƙen nama 71, yankan nama da kifi 63. Launin waje a wannan murhu ba ya faɗin gaskiyar ciki. Karfasa da tarwaɗa a shafa musu mai sosai, kada a taɓa su sai sun saki raga da kansu.

Bayan an ci

Kowa ya ƙoshi, a kashe wuta a watse. Nan maiƙo da yaji ke daskarewa su toshe hujin farantin, wani gashin a ga gefe ɗaya ja, gefe ɗaya duhu. Da an sauke nama na ƙarshe, a mayar da wuta sama minti biyar zuwa goma ta cinye dattin ya zama toka. Ba a watsa wa tangaran ruwa, ba a kankare shi da buroshin waya ko wuƙa. In ya huce a kaɗe tokar da buroshi mai laushi. Farantin ƙarfe shi yana son a kankare shi, a kuma shafa masa ɗan mai saboda tsatsa. Farantin da ke tarar maiƙo a ƙasa a zubar da maiƙon da ke cikinsa duk bayan gashi, domin gobarar murhu takan tashi daga nan. A rufe gas daga tukunya tukuna, sannan a kashe makunnin.

In ya huce a lulluɓe shi, saboda ruwan damina da ƙurar hunturu, dukansu hujin nan suke nema. Akwai kuma wani baƙo. Bara murhuna ya yi wata uku a ajiye, da na kunna sai wuta ta fito rawaya, tana baƙin hayaƙi, tana wani fat-fat ta wajen makunni. Na kashe, na kwance bututun da ke kai gas ga bakin wutar, na haska fitilar waya a ciki. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka, ɗaki biyu ma, har da tsutsar da ya ajiye wa 'ya'yansa. Da siririyar waya na zaƙulo shi. Yanzu duk lokacin da murhun ya kwana biyu ba a kunna ba, bututun nan nake fara leƙawa kafin in aika a sayo nama.