Kurakuran da ake yi wajen auna motar daji mai lantarki

Kwanan baya wani Alhaji da nake gyara wa Hilux ya shigo garejinmu a Garwa, arewacin Kamaru, riƙe da waya, ya ce: "Malam, dubi wannan, ko giya ba ta da ita, ga ta tana hawa dutse." Na karɓa na kalla, motar lantarki ce mai jan ƙafa huɗu. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, gaskiya ne abin da ka gani, amma ba a hanyar Mora zuwa Kusuri aka ɗauka ba." Ina son motocin nan ƙwarai, shi ya sa nake jin zafin yadda ake auna su ba daidai ba, masu yabo da masu kushe duka.

Masu kushe sukan ce abin da ba ya ƙara ba shi da ƙarfi. Nan suka ɓata. Injin gazuwal sai ya ɗauki zafi, an taka totur, an saki kuloci, kafin ƙarfinsa ya fito. Na lantarki kuwa tun daga tsaye yake ba da ƙarfinsa gaba ɗaya. Wasu ma, irin Mercedes G 580 ta 2024, kowace taya da nata injin, idan ɗaya ta rasa abin kamawa sai kwamfuta ta rage mata, sauran su ci gaba da ja. A gasar Dakar ta 2024 a Saudiyya, Carlos Sainz ya yi nasara da Audi wadda lantarki ke juya tayoyinta, ko da yake tana ɗauke da injin mai da ke yi wa batirin caji.

Sai dai wannan ƙarfin shi ne tarko. Wanda ya saba danna totur har ƙasa idan ya shiga rairayin mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, da irin wannan mota nan take zai haƙa wa kansa rami. Gyaran tsoho ne: a rage iskar taya zuwa wajen bar 1.2 ko 1.5 kafin a shiga yashi, a taka a hankali, a ƙara iska da zarar an hau kwalta. Na taɓa kwana kusa da Waza saboda na ƙi jin maganar yaron motata da ya ce mu sauka mu rage iska. Muka kafe har ciki, muna tono da hannu sauro na cin mu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne manta nauyi. Batir babba kaya ne da ba a saukewa. Hummer mai lantarki ta haura tan 4, ita ma G 580 tana wajen tan 3. Duk wanda ya san laka ta karal, wato baƙar ƙasar fadama, bayan ruwan Agusta ya san abin da nauyi ke yi: ƙasar ta yi santsi kamar sabulu a sama, ta riƙe taya kamar danƙo a ƙasa. Ƙarfin inji ba ya ceton motar da cikinta ya zauna. Saboda haka kada a sayi mafi girman batir don alfahari, kuma a rage lodi. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashi, wanda ke hana mota saurin kifewa, amma nan ne dutse ke duka. Kafin a biya kuɗi a durƙusa a duba farantin ƙarfen da ke kare shi.

Sai lissafin tafiya. Nisan da kamfani ke rubutawa na hanya mai kyau ne, ba na yashi da gargada da na'urar sanyi a kunne ba. Daga Marwa zuwa Kusuri kusan kilomita 260 ne, kuma ba a ɗaukar wuta a jarka. Wasu na cewa za su ɗora faifan sola a rufi. Faifai mai wat 400 bai fi ya tara kilowat-awa 2 a yini ba, wato tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba a babbar mota. Soket ɗin gida kuma zai ci fiye da awa 30 kafin ya cika batir mai kilowat-awa 100, in ma ba a ɗauke wuta ba. Madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ke ba mu wuta, takan gaza idan ruwa ya ja baya, duk da cewa tashoshin sola na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. A fara tanadin wurin caji tukuna, kuma a ba motar aikin da take fita ta dawo gida ta kwana, kamar zirga-zirgar gona, asibitin karkara ko kai baƙi Rumsiki.

Zafi ma abin lura ne. A Afrilu Njamena da Kusuri kan wuce digiri 40, batirin lithium kuwa zafi ke tsufar da shi. A nemi wadda ruwa ke sanyaya batirinta, a ajiye ta a inuwa, a yi caji da dare, kada a bar ta cike fal a rana.

Akwai wasu kurakurai biyu da ba a cika faɗa ba. Idan za a gangaro daga duwatsun Mandara, kada a cika batir dam, domin injin da ke riƙe mota yana mayar da wuta ba shi da inda zai zuba ta, sai aikin ya koma kan birki kaɗai. Idan kuma ta mutu a daji, ba a ɗaura mata igiya a ja ta nesa kamar Land Cruiser, tayoyin na juya injin, yana iya ƙona kayan wuta. A ɗora ta kan babbar mota.

'Yan'uwana bakanikai, wayoyin nan masu launin lemo suna ɗauke da volt 400 ko fiye. Na hana yarana taɓa su har sai mun sami safar hannu ta musamman da wanda zai koya mana yadda ake katse wutar.